Fuska a Ƙirjin Riga: Yadda Ɗige-ɗige Ke Zama Hoto



Duk wanda ke da rigar kamfen a cikin akwati, ko ta bikin aure, ko irin wadda ɗalibai kan buga idan za su yi sallama da makaranta, yana iya ɗauko ta ya kai ta bakin taga. Daga taku uku fuskar mutum ce sak: ga goshi yana ƙyalli, ga inuwa a ƙarƙashin haɓa, ga hula ta zauna daram. Amma da zarar an kawo rigar dab da ido, sai fuskar ta watse. Abin da zai rage ɗige-ɗige ne jere reras, wasu ƙanana da kyar ake ganinsu, wasu manya har sun manne da juna. Sau da yawa tawada kala ɗaya ce tal a wurin, baƙa ko fara. Duk wani toka-toka da mutum ya hango daga nesa, idonsa ne ya haɗa masa shi.

Mai bugun riga ba shi da yadda zai ce wa tawada ta sauka rabi-rabi. Kayan aikinsa raga ce mai ƙananan idanu da aka ɗaure tamau a jikin firam na katako ko na alminiyam, an toshe wasu ramukanta, an bar wasu a buɗe. Sai ya ɗora ta a kan riga, ya zuba tawada, ya ja ta da faffaɗar roba mai mariƙi, wadda masu sana'ar ke kira sikwiji. Inda rami yake a buɗe tawada ta wuce, inda yake a toshe ba ta wuce ba. Rubutu da tambarin jam'iyya ko na ƙungiyar ƙwallo ba su da damuwa da wannan, domin su ko dai akwai fenti ko babu. Hoton mutum kuwa kusan dukansa tsaka-tsaki ne, haske yana shiga duhu sannu a hankali, ba a ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Masu buga jarida ne suka fara cin karo da wannan matsala, tun kafin a san da rigar kamfen. Har bayan tsakiyar ƙarni na 19, idan jarida tana son hoto sai ta ba gwanin sassaƙa ya kwaikwaye shi da hannu a jikin katako. A shekarar 1852 wani Bature ɗan Ingila, William Henry Fox Talbot, ya yi rajistar dabarar shimfiɗa kyalle mai shara-shara tsakanin hoto da farantin ƙarfe, domin kyallen ya farfasa hoton zuwa ƙananan gutsattsari. Ranar 30 ga Oktoba 1869 jaridar Canadian Illustrated News ta birnin Montreal a Kanada ta fito da hoton Yarima Arthur, ɗan Sarauniya Victoria, da irin wannan dabara ta hannun William Leggo. Ranar 4 ga Maris 1880 kuma Daily Graphic ta New York ta buga hoton wata unguwar marasa galihu ta birnin. Bayan 1890 wasu 'yan'uwa biyu a Philadelphia, Louis da Max Levy, suka ƙware wajen ƙera gilashi mai layuka gicciye, wanda ke mayar da kowane hoto ɗige-ɗige, daga nan abin ya game duniya. Hotunan sarakuna da shugabanni da iyayenmu suka riƙa gani a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da irin ɗige-ɗigen nan aka buga su.

Ita kuwa ragar, tata hanyar daban ce. Tushenta yana wajen masu huda takarda su buga zane a tufafi a ƙasashen Sin da Japan, kuma tana da 'yar'uwa a nan kusa: masu adire na Abeokuta da ke huda farantin kwano su shafa kullun rogo ta cikin hudar kafin a kai zanen rini. A 1907 wani mutumin Manchester, Samuel Simon, ya yi rajistar bugu da ragar siliki a Ingila. Yau kusan babu mai amfani da siliki, zaren roba na foliyesta ya gaje shi.

Wanda ya sa duniya ta lura da auren raga da hoto shi ne mai zanen nan na Amurka, Andy Warhol. 'Yan makonni bayan rasuwar tauraruwar fim Marilyn Monroe a watan Agusta 1962, ya ɗauki hotonta na tallar fim ɗin Niagara na 1953, aka mayar masa da shi ɗige-ɗige a kan raga, ya buga fuskar sau 50 a aiki ɗaya, 25 masu launi, 25 baƙi da fari. A wasu tawada ta yi yawa fuskar ta dagule, a wasu ta yi kaɗan har ta kusa ɓacewa. Shi da gangan ya bar su haka, kuma aikin yana hannun gidan adana zane na Tate a Landan. Mai shago a Sabon Gari da ya miƙa wa kwastoma riguna 50 masu irin wannan bambanci, ranar sai an kira masu sulhu.

Akwai kuma hanyar kauce wa ɗige-ɗige ɗungurungum, kuma shahararriyar fuskar da aka fi gani a ƙirjin riga ta nan ta bi. Ranar 5 ga Maris 1960, mai ɗaukar hoto Alberto Korda ya ɗauki hoton ɗan juyin juya halin nan Che Guevara a Havana, wajen taron makokin waɗanda fashewar jirgin ruwan La Coubre ta hallaka. A 1968 wani mai zane ɗan ƙasar Ireland, Jim Fitzpatrick, ya share duk wani tsaka-tsaki daga hoton, ya bar baƙin gashi, baƙar hula, inuwar ido da ta hanci, saura fili. Irin wannan ko yaron shago da ya shekara ɗaya yana koyo zai buga shi da raga mai manyan idanu, ya fito tsaf. Wannan sauƙin yana cikin abin da ya yaɗa hoton. Sai dai ba kowace fuska ke jure wannan aski ba. Amarya da ta kwana ana yi mata kwalliya ba za ta yarda a mayar da ita inuwa biyu ba, ɗan takara ma yana son a ga murmushinsa. Dole a koma ga ɗige-ɗige.

A nan lissafi ke shigowa, kuma shi ne ke raba gwani da ɗan koyo.

Ana auna ɗige-ɗige da yawan layukansu a kowane inci. Jarida takan yi amfani da layi 85, mujalla mai takarda mai sheƙi kuwa 133 zuwa 150. Riga ba ta ɗaukar wannan, domin ba shafaffiya ba ce kamar takarda: saƙa ce mai tudu da kwari, ga gashin auduga a tsattsaye. Saboda haka masu bugun riga sukan tsaya tsakanin layi 45 da 65, da yawansu kan zaɓi 55. A layi 55, kowane inci murabba'i yana ɗauke da ɗigo 3,025. Hoton da faɗinsa inci 10 ne, tsawonsa 12, yana da gurbin ɗigo 363,000, kuma kowannensu sai ya sami hanyar wucewa ta cikin raga. Ƙananan cikinsu, waɗanda ke fitar da ƙyallin goshi da farin ido, ba su kai kashi ɗaya cikin takwas na milimita ba.

To ita raga zare ce da rami. Wadda ake buga manyan rubutu da ita tana da zare 110 a inci, wato 43 a santimita, zarenta kuma mai kauri ne. Idan ƙaramin ɗigo ya faɗo daidai kan zare irin wannan, ya mutu a nan, tawada ba za ta wuce ba. A ɓangaren duhu kuma matsalar a juye take. Wurin da hoto ya kusa zama baƙi ƙirin, kusan duk ragar a buɗe take, sai 'yan ƙananan tsibirai na abin toshiya da ke hana wurin cikewa. Kowane tsibiri yana buƙatar zare biyu ko uku da zai riƙe, in bai samu ba ruwan wanki ya tafi da shi. Shi ya sa masu sana'ar ke da ƙa'ida: a ninka layin ɗige-ɗige sau huɗu zuwa biyar, abin da ya fito shi ne lambar raga. Layi 55 yana son raga mai zare 230 a inci, wato 90 a santimita, aiki mai launuka da yawa kuma yakan kai 305, wato 120 a santimita. A lura, wasu masu sayar da kaya da inci suke ƙirga, wasu da santimita. Wanda ya ce a ba shi lamba 90 bai faɗi wanne ba, yana iya komawa shago da abin da ba zai yi masa aiki ba.

Ko an sami raga daidai, akwai wani abokin gaba da ke jira. Duk wanda ya taɓa ninka gidan sauro biyu ya ɗaga shi a haske ya ga wasu layuka masu lanƙwasa suna yawo a jiki, alhali babu wanda ya saƙa su. Haka ke faruwa idan jerin ɗige-ɗige ya hau kan jerin zaren raga suka yi ta karo a tazara ɗaya. Sai a ga kumatun ango sun fito da zane-zane kamar an yi masa tsaga. Maganinsa a karkatar da jerin ɗige-ɗigen tun a kwamfuta, kada ya yi layi ɗaya da zare. Zaren raga yana tafiya a miƙe da gicciye, digiri 45 kuma yana bin kusurwar ramuka, don haka masu bugun riga da yawa suka tsaya a digiri 22 da rabi. Wani lokacin saƙar rigar kanta ce ke jawo rigimar, wani lokacin kuma ragar ce aka ɗaure a karkace ko ta saki. Firam ɗin katako da ya sha ruwa ya lanƙwashe ba ya riƙe raga yadda aikin hoto ke so.

Yaya ake toshe dubban ɗaruruwan ramuka a bar wasu, tunda ba da hannu za a bi su ɗaya bayan ɗaya ba? Haske ne ke yin aikin. A ɗaki mai duhu, ko mai jan ƙwai ko rawaya, ana shafe ragar da wani sinadari mai kauri da ake kira imolshan, a bar shi ya bushe. Ɗabi'arsa ita ce duk inda hasken rana ko na fitila ta musamman ya taɓa shi sai ya taurare, inda bai taɓa ba kuwa ruwa yana narkar da shi. Sai a buga hoton ɗige-ɗigen da baƙar tawada a kan leda mai shara-shara, a manna ta a jikin ragar, a danne da gilashi, a haska. Bayan haka a fesa ruwa. Ƙarƙashin kowane baƙin ɗigo sinadarin zai zube ya bar rami, sauran wurin ya tsaya.

Wannan shi ne wurin da yawancin ayyuka ke lalacewa, kuma ba a gane ba sai an ɓata riguna. Idan haske ya yi yawa, yakan kutsa ta gefen ƙananan ɗige-ɗige ya rufe su, sai goshi da hanci su fito fari fat, babu fata a wurin. Idan ya yi kaɗan, sinadarin yana nan da santsi a bayan raga, tsibiran duhu su bi ruwa, gashi da gemu da hula su haɗe su zama dunƙulen baƙi. Masu wannan aiki sun fi son raga mai launin rawaya a kan fara, domin farin zare yana watsa haske zuwa inda ba a aike shi ba. Baƙin da ke kan ledar ma sai ya kasance baƙi na gaske. Wasu ƙananan shaguna kan buga a takardar ofis su shafa mata mai don haske ya ratsa, wasu su ɗora leda biyu don baƙin ya ƙaru. Ga rubutu wannan dabara tana fisshe su. Ga ɗigon da bai kai rabin milimita ba, leda biyu ba za su taɓa hawa kan juna daidai ba.

Rana kyauta ce, kuma inda wutar lantarki ba ta da tabbas masu shago da yawa da ita suke haska raga. Amma ranar tsakar bazara da ta lokacin hazo ba ƙarfinsu ɗaya ba, ta ƙarfe goma na safe ma ba ɗaya take da ta azahar ba. Gwani yakan yi gwaji: ya rufe raga da kwali, ya riƙa janye shi kaɗan-kaɗan yana duba agogo, ya wanke, ya ga wane yanki ne ƙananan ɗige-ɗige suka buɗe kuma tsibirai suka tsaya, ya rubuta lokacin a bango. Hunturu yana zuwa da nasa: ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen imolshan takan bar ƙananan huda, sai a ga baƙaƙen tabo a farar rigar ɗan takara inda ba a sa su ba.

Sannan a zo kan jan tawada. Ɗigo ba ya sauka a riga da girman da ya bar kwamfuta. Sikwiji yana danna shi, audugar tana shan sa, sai ya baje. Wurin da aka tsara kashi 50 cikin ɗari na duhu yana iya fitowa 70 ko fiye. Wanda ya san haka tun a kwamfuta yake rage duhun tsakiya, har hoton ya yi kamar ya koɗe a allo, domin ya san riga za ta mayar masa da abin da ya cire. Yakan kuma sa roba mai ɗan tauri da kaifin baki, ya bar 'yar tazara ta milimita biyu ko uku tsakanin raga da riga don ragar ta ɗago da kanta bayan wucewar roba, ya ja sau ɗaya da hannu tsayayye. Ja na biyu yana ƙara wa kowane ɗigo ƙiba. Yaron da ya gaji da yamma ya fara kwantar da roba yana dannawa da ƙarfin ƙirji, rigarsa ta ɗari biyu ba za ta yi kama da ta farko ba.

Wannan batu na bajewar ɗigo ya fi shafar mutanenmu fiye da yadda littattafan koyarwa ke nunawa. Fuskar baƙin mutum mafi yawanta a yankin duhu take zaune, daidai inda ɗige-ɗige ke saurin haɗewa. Ga kuma al'adar ɗaukar hoto da farar babbar riga da ta sha bugu: kyamara takan bi hasken rigar ta rage buɗewa, sai fuska ta ƙara duhu tun kafin a zo shago. Mai bugun da ya zuba hoton yadda ya zo masa, abin da zai samu riga ce mai kyau da hula mai kyau, a tsakaninsu haƙora da fararen idanu. Aikin gwani shi ne ya ware fuskar a kwamfuta, ya ɗaga haskenta ita kaɗai, ya bar tazara tsakanin duhun kumatu da na gemu, ya ɗan rage farin rigar don aikin wuyanta ya fito. Wannan gyara yakan ci lokaci fiye da bugun kansa, kuma shi ne kwastoma ba ya gani balle ya biya.

Idan rigar baƙa ce, lissafin ya juye. Yanzu farar tawada ce ke zana haske, rigar ce ke ba da duhu, don haka sai an juya hoton kafin a fitar da ledar. Wanda ya manta, zai ga mutumin da ke hoton ya fito da farin gashi da baƙaƙen haƙora. In kuma hoto mai launi ake so, kowane launi da ragarsa. A farar riga ana iya haɗa shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, kamar yadda ake buga mujalla. A baƙar riga sai an fara shimfiɗa farin ɗige-ɗige a ƙasa, a ɗan gasa shi, sannan a bi da launuka shida ko takwas a kai, kowanne ya sauka daidai inda ɗan'uwansa ya sauka. Injin mai juyawa da ke sauƙaƙa wannan, mai hannuwa da yawa kowanne riƙe da raga, wani Ba'amurke Michael Vasilantone ne ya ƙera shi a shekarun 1960.

Yanzu ga abin da ke faruwa a gaban kanta. Ana saura kwana biyu taro, wani ya shigo da waya a hannu.

"Malam, ga hoton Alhaji nan, guda ɗari biyar muke so, jibi da safe."

Mai shago ya karɓi wayar, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya ga fuskar ta farfashe ta zama ƙananan akwatuna. Hoton fosta ne wani ya ɗauka a jikin bango, ya tura wa wani a WhatsApp, shi ma ya tura wa wani.

"Ranka ya daɗe, babu na asali? Wanda mai hoto ya ɗauka?"

"Ai wannan ma ya fito, kowa ya gane shi."

A allon waya mai faɗin tafin hannu, ya fito. A ƙirjin riga mai inci 12, kowane aibi sai ya ninku. Ƙa'idar masu sana'a ita ce ƙwayoyin hoto su kai aƙalla ninki biyu na layin ɗige-ɗige a girman da za a buga, yawancinsu ma sun fi son 200 zuwa 300 a inci. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba, amma idan aka tura shi a matsayin fayil yakan isa yadda yake. Hoton da aka ɗauka daga fosta ko kalanda kuwa yana da nasa ɗige-ɗigen tun asali, in aka ɗora masa sababbi sai layukan nan masu yawo su bayyana. A irin wannan hali mai shagon da ya ce a dakata a nemo na asali ya fi wanda ya karɓi kuɗi ya yi shiru amana.

Sai dai ba kullum laifin kwastoma ba ne. Tawadar da aka fi bugun hoto da ita ana kiranta filastisol, roba ce narkakkiya, kuma dalilin son ta shi ne ba ta bushewa a cikin raga, ko an bar ta an tafi salla an dawo ƙananan ramuka suna nan a buɗe. Tawadar ruwa ta fi laushi a jiki, amma a busasshiyar iskar hunturu takan toshe raga mai zare 230 cikin ɗan lokaci. Abin da filastisol ke nema shi ne wuta: sai dukan kaurinta ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyos kafin ta nuna. Shanya ta a rana ba ya nunar da ita ko za ta kwana bakwai. Idan aka yi mata gashin sama-sama, a hannu za a ji ta bushe, amma wanki biyu ko uku fuskar za ta fara tsattsagewa tana zuba. Mai saye yana iya gwadawa tun a shago: ya ɗan ja wurin bugun da hannu biyu. Wadda ta nuna za ta miƙe tare da rigar ta koma, wadda ba ta nuna ba za ta dare. Araha ba ta ado, kuma a lokacin zaɓe, da ake neman dubbai cikin kwana biyu, gashin nan ne abu na farko da ake yi wa ƙwauro.

Rigar foliyesta, irin jesin 'yan ƙwallo, tana da nata halin. Zafin da ke nunar da tawada yana tayar da rinin rigar ya shige cikin farin bugu, sai farar fuska a jan jesi ta wayi gari ruwan hoda. Akwai tawada ta musamman mai nuna a ƙaramin zafi saboda irin wannan yadi.

Lafiyar masu aikin ma abin dubawa ce, musamman yaran shago da su ke wankin raga. Wanke tawada da fetur ko tina a rufaffen ɗaki yana cutar da huhu da fata, ga haɗarin gobara kusa da abin gashi. Tsohon sinadarin haske mai ɗauke da dayikuromet, wanda har yanzu ana samunsa a wasu wurare saboda arha, guba ne da ke cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma akwai sababbi da suka maye gurbinsa. Safar hannu, buɗaɗɗiyar taga, da kauce wa zuba ruwan wankin a kwatar da yara ke wasa, ba su da tsadar da za a ce ba za a iya ba.

Hoton kansa kuma yana da mai shi. A shekarar 2000 Alberto Korda, wanda ya daɗe bai nemi ko kwabo a kan hoton Che ba, ya kai ƙara a Landan da aka sa hoton a tallar barasa ta Smirnoff, aka sasanta a kan dala 50,000, ya ba da su ga harkar lafiya ta Kyuba. Shepard Fairey, mai fostar Barack Obama ta zaɓen 2008, ya shiga shari'a da kamfanin dillancin labarai na Associated Press saboda hoton da ya kwaikwaya nasu ne, sai a 2011 suka sasanta. A Najeriya akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma hoto yana cikin abin da ta kare. Wanda ya kwaso fuskar jarumin Kannywood ko ta mawaƙi daga intanet ya buga don sayarwa, ba tare da izinin mai hoton ko mai fuskar ba, ya san da haka.

A 'yan shekarun nan injinan da ke buga hoto a kan leda a manna shi da zafi sun shigo kasuwa, kuma ga mai son riga biyar ko goma ta zagayowar ranar haihuwa sun fi sauƙi, tunda babu shafa raga babu haskawa. Raga tana cin kuɗinta ne a farko: gyaran hoto, leda, imolshan, gwaji. Da an gama wannan, riga ta ɗari biyar kusan kuɗin tawada da ƙarfin hannu kawai take ci, shi ya sa manyan oda har gobe wajen masu raga suke zuwa. Bugun ɗige-ɗige yana kuma barin iska ta ratsa tsakanin ɗigo da ɗigo, abin da faffaɗar leda a ƙirji ba ta yi, kuma wanda ya taɓa tsayawa a filin taro a watan Afrilu ya san bambancin.

Ga wanda rigar ta riga ta zo hannunsa, a juya ta ciki waje kafin wanki, a yi da ruwan sanyi, kada a murza wurin hoton da buroshi, a shanya a inuwa. Dutsen guga kuwa, na wuta ne ko na gawayi, kada ya hau kan bugun kai tsaye, domin filastisol roba ce, zafi yana sake narkar da ita. A goge ta baya, ko a shimfiɗa wani kyalle a kai.